Man shafawa haɗin gida a Damagaram: wanne ya cancanci kuɗi, wanne za a bari a kan tebur

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Damagaram, ƙafa ta yi fari, diddige ya fara faso, leɓe ya tsage, sai kasuwar man shafawa haɗin gida ta buɗe. Ana samun sa a teburan masu kayan kwalliya a Kasuwar Dole, da gidajen masu gyaran amare a Birni da Zango da Sabon Gari, ana kuma tallar sa a WhatsApp cikin ƙananan robobi masu farin murfi. Kusan kowace mai sayarwa magana ɗaya take yi: na gargajiya ne zalla, babu kemikal. Wannan magana ba ta raba mai kyau da marar kyau. Tambayar da ke raba su ita ce: an zuba ruwa a ciki, ko ba a zuba ba?

Idan aka bi wannan tambaya, abin da ake sayarwa ya kasu uku. Akwai bugaggen man kaɗe, wanda mai ne zalla. Akwai loshan mai ruwa-ruwa da ake zubawa a kwalba. Akwai kuma haɗin da ake kira "mai sa haske", wanda shi nasa sha'anin daban ne. Hukuncinmu tun daga farko: na ɗaya ya cancanci saye idan an yi shi daidai, na biyu sai an yi wa mai shi tambayoyi ta amsa, na uku kuwa a bar mata kayanta.

Bugaggen man kaɗe

Shi ne ya fi dacewa da garin nan. Tun da babu ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta da fumfuna ba su samun wurin yaɗuwa, don haka ba ya bukatar maganin hana ruɓa. Mai kyau yakan kai wata 6 zuwa shekara kafin ya fara warin tsohon mai. Aikinsa a fata shi ne rufe ta don kada danshin cikinta ya tsere, kuma abin da busasshiyar iskar Nuwamba zuwa Fabrairu ke nema ke nan. Sai dai a lura: shi kansa ba ya ba fata ruwa. Wanda ya shafa shi a busasshen jiki da rana zai sami sheƙi da maiƙo kawai. A shafa shi da fitowa wanka, jiki da sauran lema, a nan ake ganin amfaninsa.

Ingancinsa duka yana rataye ne a kan man kaɗen da aka saya. Itacen kaɗe ba shi da yawa a ƙasar Damagaram. Yana fitowa ne can kudu, wajen Gaya, da ƙasashen Benin da Burkina Faso da jihohin Neja da Kwara na Najeriya. Kafin mai ya iso nan ya bi hannu da yawa, kuma kowane hannu na iya ƙara masa wani abu don ya yi nauyi. Gwajinsa mai sauƙi ne. A lakato kaɗan a murza a bayan hannu: na gaske yana narkewa da zafin jiki, ya ɓace ba tare da ya bar gari ko tsaki ba. Wanda ke son tabbaci ya narkar da cokali biyu cikin ƙaramin kofin gilashi, ya ajiye. Idan ruwa ya kwanta a ƙasa, ko wata farar laka ta taru, an yi masa algus ko ba a dafa shi ya ƙone ruwansa ba. Launi kuwa ba hujja ba ne. Akwai fari mai ratsin toka, akwai mai kalar hauren giwa, akwai rawaya wanda galibi rina shi aka yi da saiwar itace. Hanci ya fi ido aiki a nan: ƙamshin ƙwaya da ɗan hayaƙi daidai ne, wari mai tsami ko mai ƙona maƙogwaro alamar ya tsufa.

Aibi biyu muka fi gani a robobin da ake sayarwa.

Na farko, tsaki-tsaki. A buɗe roba a lakata, sai a ji kamar an zuba yashi mai laushi. Mutane da yawa suna zaton lalacewa ya yi ko an haɗa shi da gari. Ba haka ba ne. Man kaɗe ya ƙunshi kitse iri-iri da ba su daskarewa a lokaci guda. Mai tauri yakan riga mai laushi kamawa. Idan aka narkar da shi aka bar shi ya huce a hankali a ɗaki mai zafi, mai taurin sai ya tattaru ya zama ƙananan ƙwayoyi. Ba ya cutarwa, amma alama ce ta cewa mai haɗin ba ta iya sanyaya shi ba, ko kuma robar ta narke ta sake kamawa a hanya.

Na biyu, narkewa. Man kaɗe yana fara sakin jiki daga wajen digiri 32, man kwakwa kuwa tun daga digiri 24 ya zama ruwa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, haɗin da aka cika masa man kwakwa ba shi da makoma. Robar da aka saya cike fal a watan Janairu, kumfa-kumfa kamar madara, idan bazara ta shigo sai a tarar ta koma rabi, mai yana tsiyaya ta gefen murfi. Rabin da ya ɓace iska ce da aka buga a ciki. Shi ya sa sayen bugaggen mai da girman roba ruɗi ne. A tambayi nauyinsa a giram.

Ga ma'aunin da ya kamata mai kyau ya kusanta, na giram 200, don hunturu: man kaɗe giram 120, man aduwa giram 70, garin sitaci mai laushi giram 7, bitamin E giram 1, turare na mai giram 2. Don bazara a rage man aduwa zuwa giram 50, a ƙara kakin zuma giram 20. Kakin zuma sai ya kai digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, shi ke riƙe haɗin kada ya zube. Idan aka wuce kashi 10 cikin ɗari na kaki, man zai yi tauri yana jan fata kamar ana goga kyandir.

Mun zaɓi man aduwa ne da gangan. Itacen yana nan ko'ina a dajinmu, man ƙwallonsa ba shi da nauyi, ba shi da wari mai ƙarfi, kuma yana shiga fata da wuri. Man riɗi ma yana yi, sai dai a nemi wanda ba a soya riɗin sosai ba, in ba haka ba mutum zai riƙa ƙamshin kantu. Man gyaɗa ya fi araha, amma akwai masu jikin da ba ya ɗaukar gyaɗa, don haka mai sayarwa dole ta faɗa idan ta sa shi. Man dogon yaro yana da amfaninsa, warinsa ne kawai babu turaren da ke iya rufe shi. Kashi 2 cikin ɗari ya isa ya mamaye roba.

Yadda ake yi: a ɗora tukunya da ruwa kaɗan, a sa kwanon silba ko na gilashi a ciki yadda ruwan ba zai fantsama cikin mai ba. Ba a ɗora man kaɗe kai tsaye a kan wuta, yana ƙauri. A narkar da shi tare da kaki har ya zama garau, a bar shi a wajen digiri 75 na minti 15 zuwa 20 don duk wata ƙwaya ta narke, a tace da ƙyalle mai tsabta, a zuba man aduwa. Daga nan sai gaggawa: a tsoma gindin kwanon cikin ruwan ƙanƙara ana juyawa, ko a sa a firigo. Idan ya yi kauri kamar kunu, gefen ya fara kamawa, a zuba sitaci da bitamin E da turare, a buga da maburgi ko injin buga ƙwai na minti 5 zuwa 10. Wanda wutar lantarki ba ta zama masa, ledar ƙanƙara biyu ta wadatar, kuma ya fi kyau a yi aikin da asuba. Sitacin yana rage maiƙo ne kawai. A tankaɗe shi tukuna, in ba haka ba zai yi gudaji.

Robar da ta riga ta yi tsaki ba asara ba ce. A sake narkar da ita gaba ɗaya, a sanyaya da sauri, ta dawo.

Loshan mai ruwa

A nan ne maganar take da tsawo, domin a nan ake cutar mutane ba tare da mai sayarwar ma ta sani ba.

Loshan na gaske kusan kashi 70 cikin ɗari ruwa ne. Shi ya sa yake da daɗin shafawa, yake shiga jiki nan take, bai ɓata tufafi. A damina da lokacin gumi ya fi man kaɗe daɗi nesa ba kusa ba, kuma mai yawan ƙurajen zafi shi ya fi dacewa da shi. Amma ruwa da mai ba su zama wuri ɗaya sai da mai shiga tsakani, kuma duk inda ruwa ya haɗu da mai da zafi, abincin ƙwayoyin cuta ya dahu. Saboda haka loshan na bukatar abu biyu da ba a samu a daji ko a kicin: kakin haɗi, da maganin hana ruɓa.

Kakin haɗi farare ne ƙanana kamar tsakin shinkafa. A jikin leda akan rubuta cire émulsifiante da Faransanci, wasu kuma suna zuwa da sunayen kamfani irin su Polawax ko Olivem 1000, wanda ake yi daga man zaitun. Masu sana'ar sukan yi odarsa daga Kano ko Yamai. Kuskuren da ya fi yawo shi ne ɗaukar kakin zuma a matsayinsa. Kakin zuma yana ƙara kauri, amma shi kaɗai ba ya ɗaure ruwa da mai. Ana iya buga su da ƙarfi su yi fari su yi kyau a ranar; bayan kwana kaɗan sai a ga ruwa yana tsattsafowa a sama ko ya kwanta a ƙasa. Kwalbar da mai sayarwa ta ce a riƙa girgizawa kafin a shafa, ta riga ta faɗi aibinta da bakinta.

Maganin hana ruɓa shi ne abin da ake gudu don a ce kaya na gargajiya ne. Akan ji ana cewa ai an sa bitamin E, ko zuma, ko man habbatussauda, ko lemun tsami. Babu ɗayansu da ke wannan aiki. Bitamin E yana jinkirta warin tsohon mai ne, ba ya kashe ƙwayar cuta. Zuma tana kare kanta ne saboda ba ta da ruwa sosai. Da an tsinka ta cikin loshan ta zama abinci. Loshan da babu magani a ciki, a zafin garin nan kwana biyu zuwa uku ne, a firigo mako ɗaya. Abin tsoron shi ne ƙwayoyin sukan cika kwalba tun kafin wari ko launi ya sauya, turaren da aka zuba kuma ya rufe sauran alamar. Mai lafiyayyar fata na iya shafawa ta tsira. Mai faso a ƙafa, mai ƙaiƙayi da ya sosa ya ji ciwo, jariri, mai ciwon suga, da wanda ya shafa kusa da ido, su ne ke biyan kuɗin.

Waɗanda ake amfani da su sanannu ne: fenoksiyetanol, wanda ƙa'idar Tarayyar Turai ta kayyade kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, da Cosgard ko Geogard 221, wanda masu kayan halitta suka amince da shi, shi ma daga kashi 0.6 zuwa 1 cikin ɗari. Giram 5 ke nan a rabin kilo. Wannan ɗan abin shi ne bambancin kayan da za a iya sayarwa da wanda bai kamata ya fita daga gida ba.

Sai wata al'ada da ta yi ƙarfi: zuba ɗanyen abu. Majinar alobera da aka yanko yanzu, markaɗaɗɗen karas ko kokwamba, madara, gwaiduwar ƙwai, ruwan shinkafa. A ido suna burgewa, a talla suna jan ciniki, amma ko da maganin hana ruɓa ɗanyen ganye da madara sun fi ƙarfinsa. Mai son karas ta goge shi, ta shanya a inuwa ya bushe ƙayau, ta jiƙa cikin mai na mako biyu, ta tace. Man ne za a sa, ba karas ɗin ba. Haka ganyen zogala. Idan da sauran danshi a ganyen, man ma sai ya yi fumfuna.

Ma'aunin loshan na giram 500 da ke tsayawa:

Ɓangaren ruwa: tataccen ruwa giram 350, gilisarin giram 20.
Ɓangaren mai: man kaɗe giram 40, man aduwa giram 45, kakin haɗi giram 25, setil alkol giram 10.
Na ƙarshe: maganin hana ruɓa giram 5, bitamin E giram 2.5, turare giram 2.5.

Setil alkol, duk da sunansa, ba shi da dangantaka da giya. Wani farin kitse ne mai tauri da ke ba loshan jiki da santsi. Idan babu shi ana iya bari, a mayar da giram 10 ɗin ga ruwa, sai dai loshan zai fito tsararo.

Ruwan kuma ba kowane ba. Na famfo da na rijiya da wanda ƴan garuwa ke kawowa a jarka duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ƙwayoyin da ke gajarta ran loshan. A nemi ruwan da aka tace ta hanyar tururi a farmasi. Kada a sayi ruwan batir a wajen masu kayan mota a madadinsa, domin akwai wanda ake haɗawa da asid, kuma jarkokin ba a tanade su don jikin mutum ba. Idan ya zama dole, ruwan kwalba na sha da aka tafasa minti 20 ya fi na famfo.

A wanke kwanoni da cokula da kwalabe, a goge su da alkol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a bar su su bushe da kansu. A ɗumama ɓangaren ruwa a kwano ɗaya, ɓangaren mai a wani, kowanne ya kai digiri 70 zuwa 75. Wannan daidaito ba ado ba ne: idan ruwan ya fi man sanyi, kakin zai daskare da haɗuwarsu, ya yi gudaji farare da ba za su sake narkewa ba. A auna kwanon ruwa kafin ɗumamawa da bayanta, a cike abin da tururi ya kwashe da tafasasshen ruwa, in ba haka ba ma'aunin ya goce. A zuba ɗaya cikin ɗaya, a buga da bilenda mai kama da sanda na minti 2 zuwa 3, kanta a nutse don kada ta ja iska. Maburgi na hannu ba ya farfasa mai ya yi ƙanana yadda ake so, shi ya sa loshan ɗin maburgi ke saurin rabuwa. Daga nan a riƙa juyawa a hankali har ya sauko ƙasa da digiri 40, sannan a sa magani da bitamin E da turare. Wanda ya sa su da zafi ya kashe ƙarfin magani, ya kuma kori ƙamshi.

Saura gwajin tsami. Fatar mutum tana tsakanin 4.5 da 5.5 a ma'aunin pH, loshan ma nan ya kamata ya tsaya, kuma Cosgard ya fi aiki a wannan matsayi. Ana gwadawa da ƴar takarda mai sauya launi. Idan ya haura, a narkar da ɗan garin lemun tsami na kanti cikin tataccen ruwa a ɗiga kaɗan-kaɗan ana sake gwadawa. Ba a rufe kwalba sai loshan ya huce sarai, domin tururin da zai taru a ƙarƙashin murfi ruwa ne marar magani, a nan fumfuna ke fara fitowa. Kaurinsa na gaskiya sai bayan kwana ɗaya yake bayyana. Kada a yi gaggawar ƙara kaki don an ga ya yi ruwa. Wanda aka yi haka, a ba shi wata 3, a rubuta ranar haɗi a jiki.

Duk wannan ba ya yiwuwa da cokali da kofin shayi. Cokali ɗaya na gilisarin ya fi cokali ɗaya na mai nauyi sosai: mililita ɗaya ta gilisarin giram 1.26 ce, ta mai kuwa wajen 0.92. Mai aunawa da ido ita ce ke fitar da loshan mai danƙo, wanda ake shafawa ƙura ta manne. Gilisarin ya wuce kashi 5 cikin ɗari, danƙo ya zo. Ƙaramin sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram, irin na masu zinariya, da ma'aunin zafi na kicin, su ne jarin farko na wannan sana'a. Tambayar mai sayarwa ko tana da su ba rashin kunya ba ne.

Ta fuskar kuɗi ma akwai lissafi. A kwalbar loshan ta giram 200 da aka yi da ma'aunin sama, man kaɗe da man aduwa giram 34 ne kawai. A robar bugaggen mai ta giram 200, giram 190 ne. Idan farashinsu ɗaya, a san cewa a loshan ana biyan aiki da kayan haɗi da kwalba ne. Wannan halal ne idan an yi aikin. Idan babu kakin haɗi babu magani, ruwa aka saya da tsadar mai.

Haɗin "haske"

Babu wani ganye, saiwa ko mai da ke mayar da baƙar fata fara cikin mako biyu. Kurkum da karas suna rina saman fata na ɗan lokaci, dilka tana cire matacciyar fata a ga sheƙi, iyakarsu ke nan. Duk haɗin da ya yi abin da ya wuce haka, an matse masa wani abu: bututun maganin kilobetasol ko betametazon, ko haidirokinon, wani lokaci har zaiba. Na farkon biyu magungunan likita ne masu ƙarfi da ake rubutawa don ciwon fata na ɗan lokaci. Shafa su kullum a duk jiki yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta keto a cinya da damtse, makero da ƙuraje su yi yawa, rauni ya ƙi warkewa. Suna kuma shiga jini su taɓa hawan jini da suga. Haidirokinon idan an daɗe ana shafawa yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da wuya ya fita. Zaiba kuwa ƙoda take ci. Tarayyar Turai ta hana haidirokinon a man shafawa tun 2001, Kodebuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015.

Ana gane irin wannan haɗi da alƙawarin kwanaki, da ƙin faɗin abin da ke ciki wai sirri ne, da kuma hannun mai sayarwar kanta: fuska fara, gaɓoɓin yatsu baƙi. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fata na iya yin bore da ja da zafi. Ta ga likitan fata ya tsara mata yadda za ta janye. Ruwan lemun tsami da ake matsawa don haske shi ma ba lafiya ba ne: idan rana ta doke shi a fata yana ƙona ta ya bar tabo, kuma rana ba abin da Damagaram ta rasa ba ne. A kan wannan gaɓa, man kaɗe ma ba maganin rana ba ne, komai abin da aka rubuta a jikin roba.

Turare da mazubi

A ƙasar da mata suka san humra da turaren wuta, ba a sayar da man da ba ya ƙamshi, wannan gaskiya ne. Amma yawancin robobin an cika musu hannu. Kashi 0.5 zuwa 1 cikin ɗari ya isa. Abin da ya wuce haka shi ne kan gaba wajen kawo ƙaiƙayi da jan fata, sai a ɗora wa man kaɗe laifi. Humra da turaren fesawa suna da alkol da ruwa a ciki, ba su gauraya da mai zalla. Sukan taru ɗigo-ɗigo a cikin roba, a loshan kuma suna iya tsinka shi. Turare na mai, irin miski ko sandal, shi ke zama. Na jarirai da masu ƙaiƙayi a bar shi babu turare ko kaɗan. Kowane sabon haɗi a fara gwada shi a cikin damtse, a jira kwana biyu.

Mazubi kuma yana faɗin halin mai haɗi. Loshan ya fi zama a kwalba mai famfo ko mai matsewa, inda yatsa ba ya shiga. Roba mai faɗin baki ta dace da mai zalla, shi ma da sharaɗin kada a sa jiƙaƙƙen hannu, domin ɗigon ruwa kaɗan ya isa ya kawo baƙin fumfuna a sama. Tsofaffin robobin wani mai da aka ɗauraye aka sake cikawa, da waɗanda aka jera a tebur rana na dukansu tun hantsi, a wuce su. A gida a ajiye a inuwa, kusa da randa ya fi kan taga.

Akan tambaye mu ko duk wannan ya fi basilin. Wajen toshe fata kada ruwa ya fita, basilin ba shi da na biyu, kuma ga faso mai zurfi shi ne mafi arha da sauri: a jiƙa ƙafa minti 10, a goge kaushi da dutse, a shafa, a sa safa a kwana. Bugaggen man kaɗe ya fi shi daɗin zama a jiki da rana, bai kama ƙura kamarsa, kuma yana laushin fata yadda basilin ba ya yi. Gidan da ke da yara da yawa, roba ɗaya ta kowanne ta fitar da shi hunturu.

Kafin a miƙa kuɗi a kan kwalbar loshan, a tambayi mai ita abu huɗu: da wane kaki ta haɗa, wane maganin hana ruɓa ta sa kuma giram nawa, yaushe ta yi, da wane ruwa. Wadda ta san aikinta za ta amsa ba tare da ta duba waya ba, sau da yawa ma ta ɗauko ledar kakin ta nuna. Wadda ta ce babu komai a ciki sai alobera da zuma da man kaɗe, a ce mata ta kawo man kaɗen zalla, a biya kuɗinsa.